Sawun da Ke Kusurwar Gabas

Litinin, 2 ga Yuni

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da Inna da duk mutanen gida. Yaya ciwon bayan? Inna ta ce min har yanzu kana ƙin shan magani, wai tura injin yankan ciyawa shi ne maganinka. Mu nan ƙalau muke, sai zafi da aiki.

Na san ba ka ɗaukar waya tun da ƙarar injin nan ta cinye maka kunne, shi ya sa na koma ga takarda kamar da.

Editanmu ya ba ni shafi biyu a jaridar Lahadi in rubuta tarihin Tsohon Fili, filin ƙwallon garinmu, tunda an tabbatar za a rushe shi bayan wasan bankwana a ƙarshen Agusta, ƙungiya ta koma sabon filin bayan gari. Kwana uku na yi a ɗakin ajiyar tsofaffin jaridu. Na samu shekarar da aka buɗe shi, da sakamakon wasanni, da hotunan manya suna yanka ƙyalle. Duk ƙashi ne, babu tsoka. Kai ne ka yi shekara talatin da huɗu kana kula da ciyawar wurin. Ka rubuto min abin da ba ya cikin takardu: me ke ƙarƙashin ƙasar, wa ya koya maka aikin, me kake gani da 'yan kallo ba sa gani.

Sai batun ɗanka Bahago. Tun da aka buɗe kasuwar 'yan wasa ta bazara sunansa bai bar teburinmu ba. Majiya biyu sun shaida wa abokin aikina cewa ƙungiyar da ta ɗauki kofi bana tana neman sa, har an fara zama da dillalinsa. Ni ban sa hannu a labarin ba, don ƙa'idar gidanmu ta hana mutum yin rubutu a kan ɗan'uwansa. Amma a zuci murna nake. Shekararsa ashirin da takwas, kuma irin wannan ƙofa ba ta cika buɗewa sau biyu ba. Ka ce wa taubashin nawa in ya zama babban mutum kada ya manta wanda ya koya masa ɗaure takalmi.

Ɗanka,
Magatakarda, kamar yadda ka raɗa min.

Asabar, 7 ga Yuni

Magatakarda,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso. Bayana yana nan inda ka bar shi. Innarku lafiya, bakinta ma lafiya.

Ka ce in gaya maka abin da ke ƙarƙashin ƙasa. Rami ne. Kafin a haifi uwarka, nan ake haƙar ƙasar yin bulo. Ma'aikatan jirgin ƙasa ne suka cike shi da hannunsu bayan sun tashi aiki, da fasassun bulo da tokar gawayin tasha. Shi ya sa ko an kwana ana ruwa, kafin azahar filin ya shanye. Manyan da ka gani a hoto ko tsakuwa ɗaya ba su ɗauka ba.

Ba su daidaita shi sosai ba. Filin ya karkata gabas da kamar taƙi ɗaya. Ido ba ya gani, amma cinya tana ji. Duk kyaftin ɗinmu da ya san abin da yake yi yakan zaɓi ya kai hari gabas bayan hutun rabin lokaci, lokacin da baƙi suka gaji, su yi ta hawan tudun da ba su san da shi ba. Shekara tamanin ana cewa filin yana da aljanu. Taƙi ɗaya ne kawai.

Rumfar farko ta katako ce, guntun sigari ya cinye ta cikin rabin awa. Agogon da ke saman rumfar yamma ya tsaya a biyar saura minti goma tun ranar wasan ƙarshe da mutane suka hau rufi, wani ya rataye a jikin hannun agogon don ya ga fenariti. Sau uku ana kawo mai gyara, magoya baya suna korar sa.

Wanda ya koya min aiki tsoho ne da ake kira Mai Manjagara. Dokarsa biyu. Ta farko, babu mai taka ciyawa da abu mai tsini in ba takalmin ƙwallo ba. Na taɓa mayar da matar wani babban baƙo daga bakin layi saboda dogon takalminta, na kusa rasa aikina. Ta biyu, washegarin kowane wasa, kafin kowa ya shigo, mai fili zai zaga da bokitin yashi da irin ciyawa ya cike duk ramin da takalma suka tona. A wannan zagayen ne mutum yake koyon karatu. Ku kuna karanta jarida, ni ciyawa nake karantawa. Kowane ɗan wasa da sawunsa. Ina gane wanda ya yi ƙiba, da wanda yake tsoron karo, da wanda yake ɓoye ciwo. Ka san Dogo, mai yagar tikiti a ƙofa ta uku, wanda yake jan ƙafa? A da shi ne mai tsaron bayanmu, lamba biyar. Mako uku kafin ya faɗi a tsakiyar fili na ga sawunsa ya canza.

Ko bana ma. Ka san Bahago ne yake buga mana ƙwallon kusurwa ta gabas da hagunsa, ƙafar dama ce yake kafawa. Shekara shida ramin da damarsa take bari iri ɗaya ne: diddige ya nutse, ya ɗan murɗa waje, cikin hannuna biyu na yashi yake ci. Tun watan Afrilu diddigen ya daina nutsewa. Yatsu kawai yake kafawa. Cikin hannu ɗaya ma ba ya cinyewa. Ban ji daɗin ganin haka ba. Na tambaye shi a fakaice, ya ce, "Baba, sabon takalmi ne." Ni kuwa na san takalmi, na san gwiwa.

Sabon filin da za a koma ciyawar roba ce. An kai ni na gani. Na taka, na waiga, babu komai a bayana. A can kowa zai yi ƙaryarsa lafiya.

Maganar tafiyar tasa gaskiya ce. Innarku har ta fara wanke masa akwati. Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri.

Ga tarihi nan, ka gyara Hausar.

Kawunka

Talata, 10 ga Yuni

Magatakarda,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya. Gajeriya ce.

Tun da na aika waccan takardar raina bai kwanta ba. Abin da na faɗa maka a kan ƙafar ɗan'uwanka, tsakanina da kai ne. Da ɗana nake magana, ba da jarida ba. Ka ɗauki ramin bulo da agogo da duk sauran, wannan ka bar shi. Jiya an yi masa gwajin lafiya na farko a can, ya ce ya wuce lafiya. Saura sa hannu.

Zan ba direban motar safe ya kawo maka ofis, ya fi gidan waya sauri.

Kawunka

Litinin, 16 ga Yuni

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaida Inna, ina gaida bayan nan mai taurin kai.

Ga shafukan nan na yanko maka daga jaridar jiya. Takardarka ta ranar bakwai ga wata ce ta riƙe rubutun gaba ɗaya, kusan ban taɓa Hausar ba. Edita, mutumin da bai taɓa yabon ko ruwan sha ba, ya leƙo ya ce, "Ina ka ɓoye wannan tsohon?" Tun safe ake bugo waya a kan taƙi ɗayan nan. Wani tsohon kyaftin na baƙi ya ce shekara ashirin yana zargin huhunsa.

Za ka ga na sa batun karatun ciyawa a ƙarshe, don shi ne ya fi komai kyau. Kada ka damu, na bi ƙa'idar aiki, na cire suna. Na rubuta "wani ɗan wasa" kawai. Sauran bayanin, kusurwar gabas da ƙafar dama da cikin hannu ɗaya na yashi, na bar shi yadda ka faɗa, don irin wannan ne yake sa mai karatu ya yarda ba ƙirƙira aka yi ba.

Ka sa Inna ta adana shafukan.

Magatakarda

Alhamis, 19 ga Yuni

Kawu,

Ina gaisuwa. Ban san ta inda zan fara ba.

Yau da hantsi direba ya shigo ofis da takardarka ta ranar goma ga wata. Kwana tara ta yi a aljihun ƙofar motarsa. Ya ba ni haƙuri, ya tafi. Na karanta ta a tsaye sau uku.

Ba zan ɗora wa direba ba. Ko takardar ba ta zo ba, ya kamata in tsaya in tambayi kaina: mutum nawa ne suke buga ƙwallon kusurwar gabas a ƙungiyar nan da ƙafar hagu? Ɗaya ne. Duk yaron da yake tallan ruwa a ƙofar fili ya san shi. Na cire sunan na bar hoton. Shekara goma sha biyar ina koya wa sababbin ma'aikata cewa cire suna ba ya ɓoye mutum, sai ga shi daɗin jimla ya rufe min ido.

Tun Talata gidajen rediyo biyu suka ɗauki maganar, su kuma ba su cire komai ba. Na kira Bahago sau bakwai bai ɗauka ba. Inna ta ɗauka, ta ji muryata, ta ce tana da tukunya a wuta.

Ka gaya min halin da ake ciki, ko layi biyu ne.

Magatakarda

Laraba, 2 ga Yuli

Malam Magatakarda,

Bahago ne. Ka ce a gaishe ka? To, an gaishe ka. Lafiyata kuwa ai kun riga kun buga, ba sai na faɗa ba.

Na rubuto ne don in na ji muryarka zan faɗi abin da zumunci ba zai ɗauka ba.

Na wuce gwajin farko. An auna min riga. An nuna min inda zan rataye kayana. Sai likitansu ya shigo da jaridarku a hannu, ya ce kafin a sa hannu yana son a ɗauki hoton cikin gwiwata ta dama. Ka san abin da ya ce min? "Ba ɗan jaridar nake ji ba, mahaifinka nake ji."

Wane ɗan ƙwallo ne ba ya ciwo? Kowa da abin da yake ɗaurewa kafin ya fita. Ƙwallo goma sha ɗaya na ci bana da wannan gwiwar. Ku da ba ku taɓa gudun minti casa'in ba kun zauna, ɗaya da bokiti ɗaya da biro, kun yanke min hukunci.

Ga abin da dillalina ya ce. Kocinsu yana so na, kuma lokaci yana ƙure musu, suna son ɗan gaba kafin a fara kaka. In jaridarku ta buga cewa maganar ba ta da tushe, Baba kuma ya sa hannu a takarda cewa bai taɓa faɗa ba, zai iya shawo kansu su wuce da gwajin farko, a bar maganar hoto. Sun ba mu zuwa sha huɗu ga wata.

Na yi wa Baba magana, ya ci gaba da wasa wuƙar injinsa. Kai ne yake jin maganarka. Kai ka ƙulla, kai za ka kwance. Ba ni da wata bazarar bayan wannan, ka sani, na sani.

Bahago

Juma'a, 4 ga Yuli

Kawu,

Assalamu alaikum. Kwana goma sha biyar ke nan ban ji daga gare ka ba. Ina fata lafiya ce ta ɓoye ka, ko da fushi ne.

Bahago ya rubuto min, na san kuma ka san abin da ake nema. Na yi tunani a tsanake, ga inda na tsaya.

Jarida ba ta janye labarin da yake gaskiya, edita ba zai yarda ba. Hanya ɗaya ce: in je in ce masa ni na ƙirƙiri wannan sakin layin don rubutu ya yi armashi, kai ba ka faɗa ba. Zai buga neman afuwa a shafi na biyu, ni kuma zan kwashe kayana daga tebur a ranar. Wanda aka kora don ƙirƙirar magana ba ya sake samun tebur a wannan sana'ar. Na san haka, na kuma yarda. Ni na yi ɓarnar.

Amma ba zai yiwu ba sai da kai. Takardarka ta asali tana hannuna, babu wanda ya gan ta. In ka sa hannu a takardar dillali, sai ka aiko min da kalma ɗaya, in ƙone taka in shiga wurin edita.

Abu ɗaya zan tambaye ka, ba a matsayin ɗan jarida ba. Kai ka ga sawun, ni ban gani ba. In sun ɗauke shi ba tare da hoton ba, gwiwar za ta kai shi ina?

Na ba direba wannan, na kuma tsaya a kansa har ya sa ta a aljihun rigarsa.

Magatakarda

Litinin, 21 ga Yuli

Kawu,

Gaisuwa. Sha huɗu ga wata ta zo ta wuce, kalmar ba ta zo ba. Kullum da wasiƙar barin aiki nake zuwa ofis a jakata.

Yau labari ya shigo teburinmu cewa ƙungiyar ta ɗauki wani ɗan gaba daga waje. Ni aka ba in duba rubutun kafin a buga. Na gyara waƙafi biyu na miƙa.

In shirun nan yana nufin ka yafe ni daga cikin 'ya'yanka, ka faɗa min, zan ɗauka. Amma ka faɗa.

Magatakarda

Lahadi, 27 ga Yuli

Magatakarda,

Wa alaikumus salam. Takardunka uku suna nan a kan injin. Ka yaga wasiƙar barin aikin nan, takarda tana tsada. Ba fushi nake da kai ba. Hannuna ne ya ƙi biro.

Lafiyar gida da sauƙi. Innarku tana ajiye min abinci ta juya baya. Akwatin da ta wanke yana nan a bakin gado, babu mai taɓa shi.

Ranar sha uku ga wata suka zo ɗakin injina, Bahago da dillalin, wani mai turare da waya biyu. Dillalin ya shimfiɗa takardar a kan buhun iri, ya ce, "Baba, layi ɗaya ne. Ka sa hannu mu wuce wurin."

Na ce, "Ni ba babanka ba ne, ga mai baba nan tsaye."

Bahago ya ce, "To ni na roƙe ka. Ban taɓa roƙon ka komai ba. Ko takalmin farko Inna ce ta saya min."

Na karɓi biron. Wallahi na karɓa, har na ɗora. Sai na ce su ba ni minti goma. An dawo atisaye a makon, kuma da safen ya yi ta buga kusurwa shi kaɗai don ya nuna wa koci lafiyarsa lau. Na fita na duba. Ko yatsun ma yanzu ba duka yake kafawa ba. Gefen ƙafa yake jingina wa ƙasa, kamar mai taka ƙaya.

Daga nan ana hango ƙofa ta uku. Dogo yana zaune a kujerarsa ya miƙe ƙafar.

Akwai abin da ban rubuta maka ba a kan Dogo. Na ce na ga sawunsa mako uku kafin ya faɗi. Ban ce maka na yi shiru ba. Shi ya same ni a ɗakin nan ya ce, "Mai fili, ka rufa min asiri, wasa uku ya rage." Na rufa masa. Ni na ɗauko ƙafafunsa ranar da aka fitar da shi. Shekara ashirin da shida yana gaishe ni kullum da safe, bai taɓa cewa komai ba. Gara ya zage ni.

Na koma na miƙa wa dillalin bironsa. Na ce a je a ɗauki hoton, in ciyawa ta yi ƙarya zan tsaya a tsakiyar fili ranar bankwana in ce ni maƙaryaci ne, da lasifika.

Bahago ya ce, "Ciyawa ka zaɓa a kaina."

Na ce, "Ƙafarka na zaɓa."

Ya ce, "Ƙafar me, in ba ta kai ni ko'ina ba? Wata ɗaya da rabi ya rage a kankare filin naka, Baba. Kai da ni duk an gama da mu, amma kai ka ci naka zamanin."

Ya juya ya fita, dillalin ya bi shi.

An ɗauki hoton. Jijiyar gwiwa ta tsage fiye da rabi. Masu neman sa suka ce sun gode, suka ɗauki wani ɗan wasan. Likitan ƙungiyarmu ya ce za a yi aiki makon gobe, wata tara kafin ya taɓa ƙwallo, kuma bai yi alkawarin zai dawo kamar da ba. Na tambaye shi, da an bar shi zai iya kai ƙarshen kaka? Ya ce wataƙila ya kai, wataƙila ya faɗi a wasan farko, shi ba mai duba ba ne. Na so ya ce min ba zai kai ba. Bai ce ba.

Ka tambaya ko na yafe ka. Ka yi ganganci, wannan ka riga ka faɗa da bakinka. Amma ni ma na zauna na yi wa kaina hisabi. Wata uku ina ganin sawun nan, na kasa tsayar da ɗana in ce masa je ka asibiti. Sai na ɗauki biro na gaya wa ɗan jarida. Wanda ya zuba hatsi a gaban kaza ba ajiya ya ba ta ba. Kwana uku na yi kafin in rubuta maka ka bari. Me nake jira a kwana ukun nan? Wannan tsakanina da Allah ne.

Bahago ya koma gidan abokinsa. Ba ya ɗaukar gaisuwata.

Kawunka

Litinin, 1 ga Satumba

Magatakarda,

Assalamu alaikum. Na ga takardunka biyu na watan jiya, na gode. Ka ce kunya ta hana ka zuwa bankwana. Da ka zo, babu mai ganin ka a cikin wannan taron. Bayana da sauƙi. Innarku ta fara min magana, ko da yake faɗa ne.

Jiya aka yi. An cika har matakala. Tsofaffin 'yan wasa sun zaga fili, Dogo a cikinsu, aka tafa masa fiye da kowa. Mun ci biyu da ɗaya, duka biyun a ragar gabas bayan hutu, duk da ka tona mana asiri. Bahago bai zo ba. Wani yaro ne ya buga kusurwa, da dama, ya aika ta rumfa.

Jibi motocin rusau za su shigo. Babu wanda ya ce in cike ramuka yau, amma ƙafata ta saba. Bayan gari ya waye na ɗauki bokiti.

Ina shiga na ga an riga ni. Daga ƙofar 'yan wasa, ramuka biyu-biyu ƙanana, zagayayyu, sawun ƙafar hagu a tsakaninsu. Sandunan asibiti. A kan ciyawata. Na bi su, sun tafi tiryan-tiryan har kusurwar gabas. A can, daidai inda ya saba kafawa, akwai sawun ƙafar dama guda ɗaya, babu takalmi. Bai nutse ba, raɓa kawai ya kwantar. Amma duka tafin ne, har diddige.

Na ɗaga kai. Yana zaune a layin farko na rumfa, sandunan a gefensa, ya rame.

Ya ce, "Na karya maka doka."

Na ce, "Na gani. Da Mai Manjagara yana raye da ka sha manjagara."

Ya ce, "Ka karanta?"

Na ce na karanta.

"Me ta ce?"

Na ce, "Ta ce ka sauke diddige, kuma ba ka ji tsoro ba. Ta ce kuma likita bai ba ka izinin yin haka ba tukuna."

Ya kusa yin dariya, sai ya fasa. Ya ce, "Zan dawo?"

Na ce, "Wannan ba ta faɗa ba. Abin da ya wuce kawai take sani."

Ya daɗe yana kallon agogon nan da ba ya tafiya. Can ya ce, "Ban huce ba, Baba. Kada ka ɗauka na huce." Na ce ban ɗauka ba. Ya ce a sabon fili wa zai riƙa duba masa, tunda roba ba ta magana? Na ce akwai ɗan fegi a bayan gidanmu inda Innarsa take shanya, in ta yarda ta matsar da igiya zan kwashi ciyawar kusurwar nan in dasa kafin jibi. Ya ce, "Ka tambaye ta da kanka, ni ba ruwana." Amma da na kawo shebur shi ya riƙe min buhu.

Kasuwar taku ta rufe jiya, na ji a rediyo ana ta lissafa waɗanda suka tafi. Sunansa ba ya ciki. Bai dawo gida ba tukuna. Ya ce in na rubuta maka in ce taubashinsa ya ci gaba da cire suna, aikin yana kyau.

Sawun nan ban cike shi ba. Na yanko shi da ƙasarsa, yana bayan gida, na ba shi ruwa.

Wannan kada ka buga. Na faɗa tun a takarda ɗaya, don kada mu sake dogara da direba.

Kawunka